Shekarar da shawara ta biyo mu ta gona

Aikina shiga gidaje ne. Tun ina goyon ɗana na biyu aka ɗauke ni cikin matan da ke zagayawa da ɗigon rigakafin shan inna a garinmu, wani ƙauye a ƙasar Alkaleri da gonakinsa suka yi iyaka da dajin Yankari. Karatuna bai wuce sakandare ba, amma ina iya cika takarda, kuma kowa ya san mahaifiyata ungozoma ce. Ƙofar da za a rufe wa baƙuwa, ni sai a ce, "Shigo mana, 'yar gida."

Aikin shan inna an koya mana shi kamar karatun allo, har muka haddace. Ki yi sallama, ki gaida matar gida, ki tambayi yara 'yan ƙasa da shekara 5, ki tambaya ko an yi haihuwa, ko akwai baƙi, ki ɗiga, ki shafa wa ɗan yatsa tawada, ki yi rubutun alli a jikin katanga. Tambaya ta ƙarshe ita ce wadda aka fi ja mana kunne a kanta: ko akwai yaro ɗan ƙasa da shekara 15 da ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya? In aka ce akwai, a ranar za ki kira waya. Da idona na ga jami'i ya ratso taɓo a kan babur, ruwa na dukansa, saboda kashin yaro ɗaya da za a sa a akwatin sanyi a kai gwaji. Wannan tsari ya yi aiki, ba zan rage masa komai ba. Sai dai duk tsawon shekarun nan babu ranar da aka ce mini in tambaya ko akwai wanda idonsa ya yi rawaya. Manyan maza kuwa ba sa cikin takardarmu sam. Namiji a wurinmu mai ba da izinin shiga ne, ko mai hanawa.

Maigidana manomi ne, yana kuma da amya a bishiyoyin bakin daji. Duk wanda ya yi noma a wajenmu ya san ba ciyawa ce babbar abokiyar gaba ba, birai ne. Da zarar masara ta fara goyo, jan biri da gwaggon biri za su riƙa fitowa daga daji garke-garke, in ba mutum a gona, kafin azahar sun yi maka sakiyar da ba ruwa. Shi ya sa a watan Agusta maza da samari ke wuni a can. Malam ya yi 'yar rumfa a gindin wata tsohuwar tsamiya mai kogo, yana zama da majajjawa da gwangwanin bugawa tun hantsi har rana ta yi ja. Yakan dawo yana susar ƙafa da wuya, in yi masa tsiya in ce sauron gona ma ya san mai zuma. Da dare kuwa ba ya kwana sai cikin gidan sauro, don ni ce mai raba shi a unguwa, ba zai yiwu a ce gidana babu ba. A iya saninmu, wanda ya kwana a gidan sauro ya gama da sauro.

Babbar Sallar 2019 ta faɗo ranar 11 ga Agusta, tsakiyar marka. Bayanta da 'yan kwanaki zazzaɓi ya kayar da shi, da ciwon kai da ciwon baya, ga amai. Mai kemis ɗinmu yaro ne mai hankali, bai ba da magani da ka ba, sai da ya tsaga masa yatsa ya yi gwajin maleriya, gwajin kuma ya nuna akwai. Daga baya ne wani ma'aikacin lafiya ya fahimtar da ni cewa da damina mutane da yawa a karkara suna yawo da ƙwayar maleriya a jini, don haka gwajin zai iya faɗin gaskiya, amma ya rufe wata cutar da ke ƙarƙashi. Ya sha magani, ya samu sauƙi. Ya fita masallaci, ya ci tuwo, har ya ce gobe zai leƙa gona. Muka yi hamdala.

Sauƙin bai kai ko'ina ba. Zazzaɓin ya dawo da ƙarfin da ya fi na farko. Da safe na kawo masa ruwan alwala, ya ɗago kai, na ga farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa. Fitsarinsa ya yi duhu, daga baya ya ƙi zuwa sai ɗan kaɗan. Inna, mahaifiyarsa, tana leƙowa ta ce, "Shawara ce. A jiƙa masa rawaya. Kada wanda ya kuskura ya kai min ɗa a yi masa allura, mai shawara ba ya son allura." Wannan magana kowa a garinmu ya tashi ya tarar da ita. Kuma ba don ƙiyayya ta faɗa ba. Ta ga mutanen da idonsu ya yi rawaya suka sha jiƙo suka miƙe, domin abubuwan da ke sa ido rawaya suna da yawa, ciwon hanta ne, maleriya mai tsanani ce, sikila ce, wasu kuma da kansu suke wucewa. Na durƙusa na ce, "Inna, ki yi haƙuri, wannan ba irin wadda kika sani ba ce, dubi dasashinsa." Jini ne ke tsattsafowa. Da ya yi amai ya fito baƙi ƙirin, ita da kanta ta aika a kira yayansa ya nemo mota.

A hanya, motar na faɗawa ramuka, ya riƙo hannuna ya ce, "Maman yara, ki ce wa Yaya ya tura yaro gona, birai za su gama da masarar nan."

Na ce, "Malam, ka bar zancen masara."

A asibiti sun yi abin da za su iya. Da suka ga jini, zazzaɓin Lassa suka fara zargi, don jiharmu ta saba da shi, sai suka ware shi, suka sa safar hannu da takunkumi. An yi masa ƙarin ruwa, yayansa ya ba da jini, an ɗebi nasa an ce za a aika gwaji. Ƙodarsa ta riga ta tsaya. Allah Ya karɓi abinsa kafin wani sakamako ya dawo. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ciwon ya zama kaffara.

Ina cikin takaba, rediyo a gefen tabarma, na ji an ambaci Alkaleri. Hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka a ƙasa ta ce zazzaɓin shawara, wato yellow fever a Turance, ya ɓulla, kuma duk inda aka bi sawu sai a tarar ya komo Yankari. An fara tabbatar da cutar ne ranar 29 ga Agusta a jikin wani da ya zo yawon buɗe ido ya koma Kano. Sai kuma labarin ɗaliban kwalejin ilimi ta Waka da ke Biu a jihar Borno, waɗanda suka zo ziyara cikin watan, shida daga cikinsu suka rasu bayan sun koma. Na yi wa iyayensu kuka, don yaran sun zo ne su ga giwa su yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki. Amma wani abu ya tsaya mini a maƙogwaro. Sai da cutar ta hau mota ta je Kano da Borno sannan aka san sunanta. Mu da muke kwana da ita a bakin daji, kafin Malam mun binne wani mai ɗibar zuma, mun binne wani saurayi ɗan rugar da ke bayan gari, kuma duk da rawayan ido suka tafi. Na ɗaya an ce taifod, na biyu an ce sammu. Limaminmu, wanda shi ke tsayawa a kan wankan gawar maza, ya faɗa wa yayan Malam cewa tun gawa ta biyu jikinsa ya ba shi, domin bai taɓa ganin mutane a jere da launi iri ɗaya haka ba. Ya sani, mai kemis ya sani, ni ma da ke shiga kowane gida na sani. Babu dai wanda aka taɓa ce wa, in ka ga kaza, ga lambar da za ka kira.

Ba a daɗe ba masu rigakafi suka iso, da motoci da lasifika. Ban fita ba, ina takaba. Abokan aikina ne suka yi sallama har ɗakina da akwatin sanyin da na saba ratayawa, suka yi mini gaisuwa, sannan shugabarmu ta ce, "Yaya, miƙo dantsenki." Da aka zo kan yara ta ce in ɗauko katunansu. Ta sa yatsa a kan wani layi kusa da na ƙyanda, inda aka rubuta YF, wato allurar shawara, ga kwanan wata, ga sa hannu. Duka yarana an yi musu tun suna wata 9. Ni na kai su da ƙafata, na riƙe su suna kuka, a raina duk allurar ƙyanda ce. Ta ce tun 2004 aka sa allurar shawara cikin rigakafin jarirai a Najeriya. Malam kuwa haihuwar zamanin Shagari ne. Shi da sa'o'insa duk sun girma kafin a fara, kuma su ne masu wuni a gindin bishiya. Babban ɗanmu ya sha raka shi gadin masara a wannan watan, sauron da ya ciji uban ya ciji ɗan, ko ciwon kai bai yi ba.

Allura ɗaya ce tak, kyauta, ta isa har ƙarshen rayuwa, kuma cikin kwana 10 take fara kare yawancin mutane. Na daɗe ina juya wannan a raina, fiye da yadda ya kamata mai takaba ta yi. Na yarda da ƙaddara, kwanan Malam ne ya ƙare. Amma wanda Ya ƙaddara cutar Shi Ya ƙaddara maganinta, kuma maganin yana cikin firji a garin da muke zuwa cin kasuwa.

A waje kuma, an ce layi har bayan makarantar firamare. Magidantan da suka sha korata daga ƙofar gida suna cewa ɗigon shan inna na hana haihuwa, su ne a gaba, hannun riga a naɗe. Ban ce komai ba da aka ba ni labari. Wanda ya ga makara ta fita daga gidan maƙwabcinsa ba ya bukatar mai shela.

Bayan na fita takaba aka kira mu bita a hedikwatar ƙaramar hukuma, a nan na ji cutar daga tushe. Ƙwayarta tana zagayawa ne tsakanin birai da wani sauron daji da ke ƙyanƙyasa a ruwan da ya taru a kogon bishiya. Biran ƙasarmu ba ta cika kashe su ba, saboda haka ba za ka ga gawarsu a daji ka farga ba. Sauron ya ciji biri, ya ciji mutumin da ya shigo gona ko kiwo ko saran itace, bayan kwana 3 zuwa 6 zazzaɓi ya tashi. Yawancin mutane daga nan suke warkewa, wasu ma ba za su san sun yi ba. Kaɗan ne take yi wa irin ta Malam, ta lafa kwana guda ta dawo ta kama hanta da ƙoda, kuma cikin waɗannan kusan rabi ke rasuwa a kwana 7 zuwa 10. Babu maganin da ke kashe ƙwayar, amma wanda aka kai asibiti da wuri, aka riƙe shi da ruwa da jini, yana da rabon tashi. Jami'in ya ja kunnen masu kemis a kan asfirin da ibuprofen, ya ce suna ƙara zubar jini, in zazzaɓi ne ba a san kansa ba a tsaya a kan farasitamol. Ya kuma ce ba a ɗaukarta ta taɓa majinyaci ko cin abinci tare da shi. Wannan ta sanyaya mini rai, don akwai matan da suka daina karɓar ƙosai daga hannun 'yata.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne sauro na biyu, na cikin gari, wanda suke kira Aedes. Baƙi ne ƙarami mai ɗigon fari a ƙafafu, da rana yake cizo, musamman da safe da kuma yamma kafin magariba, lokacin da gidan sauro ke naɗe a saman gado. Ba ruwan kwata yake so ba. Ruwa mai kyau yake bi, na randa da tulu da duro, da wanda ya kwanta a tsohuwar taya ko gwangwani ko kaskon kaji. Ƙwansa yana manne wa jikin randa daga ciki, ya bushe ya yi watanni bai mutu ba, ranar da ruwa ya taɓa shi ya ƙyanƙyashe. Zubar da ruwan kaɗai bai isa ba ke nan, sai an sa soso an dirje duk mako, an kuma rufe baki. In mutum ya ɗauko cutar a daji ya kwanta a gida, wannan sauron ne zai cije shi ya raba wa unguwa. Shi ya sa ake so mai zazzaɓi ya kwanta cikin gidan sauro ko da tsakar rana ne.

Wani dattijo cikin ma'aikatan ya ce shi shawara ba baƙuwa ba ce a wurinsa. Ta yi ɓarna a ƙasar Jos a 1969, ta yi a Oju ta jihar Binuwai a 1986, ta yi shiru, sannan ta sake ɓullowa a jihar Kwara a watan Satumban 2017. A watan Afrilun 2018 ma a Abuja aka yi taron ƙaddamar da shirin kawar da annobarta daga Afirka, shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, Tedros, ya zo da kansa. Na ƙirga da yatsu. Shekara biyu ke nan ana sane ta dawo ƙasar kafin ta iso mu. Na san allurar ba ta isa a yi wa kowa rana ɗaya ba, jiha-jiha ake bi. Amma da ni aka tambaya wa za a fara yi wa, da na ce a fara da duk wanda gonarsa ke jin kukan biri.

A watan Agustan 2020 aka ce Afirka ta rabu da shan inna na daji, muka yi murna, don da guminmu a ciki. Wata uku bayan nan, ana tsakiyar zancen korona, sai ga shawara a Ganjuwa, a daidai lokacin da take kisa a Delta da Inugu. Daga baya an yi rigakafin jiha baki ɗaya, daga ɗan wata 9 zuwa mai shekara 44, na kuma yi aikin. A nan na ga inda ramukan suke. Matan aure da yara suna gida, ana samunsu. Samari sun tafi cirani. Fulani sun tashi da shanu. Mai shekara 50 da ke kwana a gona ya zo an ce ya wuce shekaru, ya juya yana faɗa, ni kuma ba ni da amsar da zan ba shi. Mai ciki an ce ta dakata, kuma ba kowace ce ta dawo ba bayan ta sauka.

Yanzu in na shiga gida, bayan tambayoyin da aka ba ni, ina ƙara tawa: akwai wanda ya yi zazzaɓi, sannan cikin mako biyu idonsa ya yi rawaya, babba ko yaro? Na bi liman da mai kemis da wanzami da mai maganin gargajiya da sarkin baka, kowa na rubuta masa lambata. Mai maganin ne na zaci zai yi gardama, sai ya ce, "'Yata, ni ma ba na son mutum ya mutu a zaurena." Inna har gobe tana jiƙa rawaya, amma in aka kawo mata mai rawayan ido, sai ta aiko jika ya kira ni tukuna.

Ba kullum abin ke daɗi ba. Katin wayar daga aljihuna ne. Akwai wani magidanci da na kai rahotonsa, aka zo aka ɗebi jini, aka ce za a kai Abuja, in ya nuna alama ma har Dakar ta ƙasar Senegal ake aikawa a tabbatar. Iyalinsa suka yi ta zuba ido. Mutumin ya warke, ya yi girbi, sannan aka ce mana ba ita ba ce, a je a duba ciwon hanta. Matarsa ta tare ni a bakin rijiya ta ce, "Ke dai kin sa an kwashe masa jini a banza." Na ba ta haƙuri. Ba a banza ba ne, amma mutumin da aka ɗebi jininsa aka bar shi wata da watanni ba bayani, gobe in ƙaninsa ya kwanta ɓoye shi zai yi.

A ƙarshen 2023 muka ji zazzaɓin dengue a Sakkwato. Sauron nan ne dai mai ɗigon fari ke ɗaukarsa, shi ke ɗaukar chikungunya mai kama gaɓoɓi, kuma waɗannan babu allurarsu a asibitocinmu. Duk lokacin da na shiga Bauchi wajen ƙanwata, idona kan tayoyin da masu faci suka tara a bakin titi yake, da durorin da kowane gida ya jera saboda famfo ba ya kawo ruwa kullum. Ba za ka ce wa mace ta zubar da ruwan da ta saya da kuɗinta ba. Abin da nake ce wa ƙanwata shi ne ta samo murfi, in babu ta ɗaure bakin da tsohon zani.

Mafi yawan wahalata yanzu a kan 'yan wata 9 take. Uwa takan kawo jariri allurar haihuwa, ta kawo ta sati 6 da ta sati 10 da ta sati 14, daga nan sai tazara ta yi tsawo, yaro ya fara rarrafe lafiya lau, ta manta. A wannan zuwan na wata 9 ne ake yin ta ƙyanda da ta shawara. Ina da littafin da nake rubuta duk haihuwar da aka yi a garinmu da rugagen kewaye, in lissafa watan da kowa zai cika, in bi uwar har gida. Na cikin gari ba su da wuya. Na tsallaken rafi ne matsala, don watan da sauro ya fi yawa shi ne watan da ruwa ke cika har babur ba ya ƙetarewa. Bana na roƙi mai kula da asibitinmu a kai musu tun kafin ruwa ya sauka sosai, ko da yaro ya ɗara wata 9 da kwana ɗaya ne. Ya ce zai duba ko akwai kuɗin mai.